Bargo Mai Nauyi da Ƙyallen Hannu: Yadda Ake Ɗinka Tufar Kwantar da Hankali

Jaririn da ya ƙi yin shiru a hannu, da zarar an ɗora shi a baya aka ja zane aka ɗaure da majanyi tsam, sau da yawa kafin uwar ta kai bakin murhu barci ya kwashe shi. Nono bai shiga bakinsa ba, magani ma haka. Matsi ne kawai da ɗumin jiki da laushin tsohon zane. Abin da iyaye mata suka sani tun kaka da kakanni shi masu bincike suka daɗe suna bi da awo. A 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya ajiye 'ya'yan birai tsakanin gunkin uwa guda biyu, ɗaya na waya mai kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe shi da tawul. 'Yan biran sukan je su sha madarar su dawo su manne wa mai tawul, kuma in an firgita su wurinsa suke gudu. A 1965 kuma Temple Grandin, wata Ba'amurkiya mai lalurar galahanga, tana 'yar shekara 18, ta ƙera wa kanta akwatin matse jiki, bayan ta lura a wata gonar kiwo ta danginta a Arizona cewa shanu kan lafa idan aka matse su cikin maƙali don yi musu allura. Daga irin wannan lura ne aka samo bargo mai nauyi, da matashin cinya, da ƙyallen da ake ba tsofaffi masu gigin tsufa su riƙa murzawa.

Yau waɗannan kaya sun zama haja. Ana tallarsu a intanet da alƙawura masu daɗin ji, ana ɗura musu ƙwayoyin roba, ana lulluɓe su da yadin foliyesta mai gashi-gashi, a tura wa kowa iri ɗaya. Hujjar wannan jagora ita ce hanyar ta karkace tun daga tushe. Tufar da za ta kwantar wa mutum hankali ana yanka ta ne a kan jikin mutum ɗaya, daga yadin da ke kusa, a kuma ɗinka ta yadda za ta wanku, ta farku, ta gyaru. Wanda ya kiyaye waɗannan ukun zai tarar ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin abin da ke sa tufar ta yi amfani ba tare da cutarwa ba shi ne dai abin da ke hana ta ƙarewa a bola.

Kafin a ɗauki almakashi ya kamata a san iyakar abin da za a nema daga ƙyalle. A 2020 likitoci a birnin Stockholm na Suwidin sun wallafa gwajin da suka yi da manya 120 masu rashin barci haɗe da ciwon damuwa ko fargaba da makamantansu. Rabi aka ba su bargo mai sarƙar ƙarfe a ciki, kilo 8, wanda ya ji ya yi masa yawa a sauya masa da mai kilo 6. Sauran aka ba su mai kama da shi amma kilo ɗaya da rabi kacal. Bayan mako huɗu, kusan kashi 60 cikin ɗari na masu bargo mai nauyi rashin barcinsu ya ragu da rabi ko fiye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 5 ne da ɗan ɗoriya. Mai shakka zai ɗaga hannu ya kawo gwajin Birtaniya na 2014, inda aka gwada irin wannan bargo a kan yara masu galahanga kimanin 70 'yan shekara 5 zuwa 16, na'urar awo ta nuna barcinsu bai ƙaru ba, bai kuma zo da wuri ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sai dai a gwajin nan ɗin yaran da iyayensu sun fi son bargon mai nauyi. Abin da sakamakon biyu ke faɗa in aka haɗa su shi ne nauyi na yi wa wasu aiki, ba ya yi wa wasu, kuma jin daɗin lulluɓa daban yake da warkewa. Wanda ciwonsa ya kai na ganin likita, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko na Dawanau a Kano ne wurin zuwansa. Bargo ɗan rakiya ne.

Tunda abin ya danganta da mutum, aikin farko na mai ɗinki lura ne. Fata ba ta karɓar taɓawa iri ɗaya. Shafa mai sauƙi ta bazata, irin ta zaren da ya zazzago ko takardar da kamfani ke liƙawa a wuyan riga, tana farkar da jiki kamar ƙwaro ya sauka. Dannawa mai faɗi da ba ta motsi kuwa tana saukar da shi. Akwai ma jijiyoyi na musamman a fata mai gashi, waɗanda masu bincike a Gothenburg ta Suwidin suka nuna a 2009 cewa sun fi amsawa in aka shafa a hankali, tsakanin santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, wato daidai saurin hannun uwa a bayan ɗanta. Don haka a tara ƙyallaye shida ko takwas masu faɗin tafin hannu: tsohuwar atamfa, saƙi, karan-miski, tawul, shadda, ulu, kaki. A wanke su, a ajiye kusa da mutumin na kwana biyu ko uku ba tare da an matsa masa ba. Wanda yake komawa gare shi, wanda yake turewa, wanda yake kai wa kumatu, duk bayani ne. A tambayi mai kula da shi: yana son a danna masa ƙafa ko yana janyewa, yana cire hula da takalmi da zarar ya samu dama, yana shiga lungu ya takure ko yana yaye mayafi cikin dare? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in mutumin na iya magana, bakinsa ya fi na kowa.

Zaɓen yadi shi ne inda batun fata da batun muhalli suka fara haɗuwa. Fiye da rabin zaren da duniya ke sarrafawa yau foliyesta ne, daga man fetur ake samo shi, kuma ba ya shan gumi: auduga kan riƙe damshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta bai kai rabin kashi ɗaya ba. Mutumin da ke fama da fargaba, in ya farka jiƙe sharkaf a ƙarƙashin yadin roba, an ƙara masa wata damuwar ce. A wajen wanki kuma, wani gwaji a Jami'ar Plymouth ta Birtaniya a 2016 ya nuna wankin kilo 6 na yadin akirilik a inji na iya sakin burbushin zare sama da 700,000 cikin ruwa. Za a ce ai auduga ma ba waliyyiya ba ce, ita ta shanye kogunan da ke ciyar da Tekun Aral a tsakiyar Asiya har mafi yawansa ya ƙafe. Haka ne, amma wancan noman ban-ruwa ne. Audugar Funtua da Gusau da Malumfashi ruwan damina take sha. Kuma mafi sauƙin duka shi ne yadin da an riga an saƙa. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta a 2017 cewa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kayan tufafi ake mayarwa sabuwar tufa, kuma a kasuwar Kantamanto ta Ankara a Gana, inda gwanjo ke sauka kusan guda miliyan 15 kowane mako, wajen kashi 40 cikin ɗari na fita ne a matsayin shara. Tsohon zanen da ya sha wanki ɗari ya riga ya zubar da sitaci da rarar rini, ya yi laushin da sabon yadi ba zai yi ba sai bayan shekara. Da tsohuwar zuma ake magani. Ragowar yankan teloli, da gwado ko luru na gida da ya fara tsufa, da rigunan auduga na dila, su ne jarin wannan sana'a.

Ga yadda ake haɗa bargon. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyinsa ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai shi. Al'ada ce ta masu aikin, don haka a ɗauke ta a matsayin rufi, a fara daga ƙasa. A ce mutum kilo 60 ne, bargonsa kada ya haura kilo 6. Girman jikinsa za a auna, ba girman gado ba, domin in bargon ya zubo ta gefen katifa nauyinsa zai ja shi ƙasa. Faɗin santimita 100 da tsawon 150 ya ishi babba daga ƙirji zuwa ƙafa. A yanka yadi mai ƙarfi biyu, irin kaki ko zawwati mai kauri, a haɗa su ta gefe uku da ɗinki biyu-biyu, a juya, sannan a ja layuka da alli daga sama zuwa ƙasa, tazarar santimita 10, a bi su da keke. An sami dogayen hanyoyi goma ke nan. Tsawon kuma zai ba da layi 15, jimilla aljihu 150. In yadin da rigarsa sun ci kilo ɗaya da rabi, saura kilo huɗu da rabi na ɗuri, wato giram 30 a kowane aljihu. A auna giram 30 sau ɗaya a sikeli, a nemi murfin kwalba ko ɗan gwangwani da ya yi daidai da shi, ya zama mudu. Sai a zuba mudu ɗaya a kowace hanya ta mazurari, a girgiza ya sauka ƙasa, a kama da fil, a ɗinke layin a kwance, a sake zubawa, haka har sama. Wurin da masu koyo ke karya allura shi ne in ɗurin ya gangaro ƙarƙashin ƙafar keke. A riƙa share shi da yatsa kafin a taka. Wannan cikin ke nan. Rigar waje, wadda fata za ta taɓa, daban ake ɗinka ta da ƙyallen da mutumin ya zaɓa, a sa haɗin ɗinki ya kwanta ciki, a kama ta da cikin ta kusurwa huɗu da gajerun igiyoyi.

Abin da za a ɗura yana bukatar dogon tunani, domin nan ne son abin gida ke iya kai mutum ya baro. Shinkafa da gero da wake suna zuwa rai da farko, suna da araha, suna kwanciya a jiki da kyau. Kada a yi. Hatsi na shan gumi ya yi fumfuna, ƙwari na huda shi, ɓera na bin warinsa, ba ya wankuwa, ga shi kuma abinci ne da wani ke nema. Yashi na tsiyaya ta ramin allura ya zama ƙura. Masu sayar da ƙwayoyin roba za su ce nasu na wankuwa, ba ya ruɓa, kuma a wannan gaɓar suna da gaskiya. Wanda ya riga yana da su a tsohon bargo, ya farke ya sake amfani da su ya fi ya zubar. Amma roba ba ta da nauyi sosai, sai an tara ta da yawa, bargon ya yi tudu ya riƙe zafi. Ƙananan duwatsun gilashi sun fi ta nauyi a ɗan wuri, suna da sanyi, kuma in yadin ya mutu ana juye su a sabo. Inda ba a samunsu, tsakuwar rafi mai santsi wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba tana yi, in an tankaɗe, an wanke, an tafasa, an shanya ta bushe ƙarau; aibinta ƙara da cin yadi, shi ya sa take son aljihu mai ninki biyu.

A ganina ma, ga ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, wuta kuma ba ta da tabbas, bargon da ya fi dacewa shi ne wanda ba a ɗura masa komai ba. A yanka tsofaffin rigunan auduga masu miƙewa zuwa dogayen tsiri masu faɗin yatsu uku, a ƙulla su su zama igiya, a saƙa da hannu ko da ƙaton ƙugiya saƙa mai manyan ramuka kamar raga. Nauyin daga yadin kansa yake fitowa, iska na ratsawa, babu ƙwayar da za ta zube yaro ya haɗiye, kuma in wani wuri ya tsinke ƙulli ɗaya ya gyara shi. Matsalarsa wanki: in ya sha ruwa mutum ɗaya ba ya iya matse shi. Maganin wannan shi ne a saƙa shi gida biyu ko uku da ake haɗawa da maɓallai, kamar yadda masaƙanmu ke haɗa ƙwarya-ƙwaryar saƙi su tashi gwado. Cikakken bargo ma a bar wa daren hunturu. Sauran watanni ɗan matashin cinya mai kilo 1 ko 2, ko dogon ƙyalle mai nauyi da ake ɗorawa a kafaɗa na minti ashirin, yana ba da matsin ba tare da ya dafa mutum ba.

Nauyi na iya kisa, kuma dole a faɗi wannan ba kwana-kwana. A 2008 wani yaro ɗan shekara 9 mai galahanga ya rasu a wata makaranta a Quebec ta Kanada bayan an naɗe shi cikin bargo mai nauyi. A Disamba 2022 kamfanin Target na Amurka ya janye barguna kusan 204,000 na yara daga kasuwa, bayan 'yan mata biyu, 'yar shekara 4 da 'yar shekara 6, sun zuge zik ɗin rigar bargon sun shige ciki numfashinsu ya ɗauke. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗin kada a sa wa jariri duk wani abin lulluɓa mai nauyi. Darasin ga mai ɗinki a fili yake: bargon yaro ba ya son rigar da za a iya shiga cikinta, a ɗinke shi ruf a riƙa wanke shi gaba ɗaya, kai da wuya a waje suke, wanda ba zai iya ture bargon da kansa ba, yaro ne ko tsoho ko mai shanyewar jiki, ba a ɗora masa. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai minsharin da ke yanke numfashi da mai juna biyu su fara jin ta bakin likita. Akwai wani haɗarin da ya fi kusa da mu. A ƙasarmu, inda aka daɗe ana sa wa masu taɓin hankali mari, har sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, abu ne mai sauƙi bargo mai nauyi ya zama mari na yadi a hannun mai kula da ya gaji. Ranar da aka lulluɓa wa mutum don a hana shi tashi, ranar ya daina zama abin da aka ɗinka shi dominsa.

Ƙyallen hannu aikinsa daban ne, kuma ya fi sauƙin haɗawa. Tsoho mai gigin tsufa hannunsa ba ya zama: yana tsinkar zaren mayafi, yana jan robar ƙarin ruwa, yana soshe fata har ta yi rauni. A asibitocin Birtaniya masu aikin sa-kai kan saƙa wata 'yar jaka mai baki biyu ta ulu, da maɓallai da ƙulle-ƙulle ciki da waje, a zura wa majinyaci hannu. A wurinmu ulu zafi ne, ƙyalle mai faɗin faranti da za a ɗora a cinya ya fi. A jera masa fuska uku ko huɗu da suka bambanta, santsin shadda kusa da kaushin saƙi, karan-miski kusa da tawul, a sa aljihu ɗaya da za a iya zura hannu. Abin da ke raba mai kyau da na wasan yara shi ne a ɗauko kayansa daga rayuwar mai shi. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana kaɗi, a sa mata ɗan curin zaren auduga. Tela, zik da maɓalli. Dattijon da yatsunsa suka saba da jan carbi, jerin 'yan duwatsu da aka ɗinke cikin bututun yadi, yana tura su ɗaya bayan ɗaya. Launukan jarirai da hoton 'yar tsana cin fuska ne ga mai furfura, ko da ya manta sunan 'ya'yansa. Duk abin da aka maƙala a ɗinke shi da zare mai ƙarfi, a ja shi da ƙarfin babba a gani, kuma kada igiya ta kai tsawon da za ta zagaye wuya ko ta shaƙe yatsa.

Maganar launi an cika ta da kuri. Ana yawan cewa shuɗi na kwantar da rai, ja na tayar da shi, amma abin da mai ɗinki zai dogara da shi ya fi wannan sauƙi: zane mai cunkoso na rikitar da idon da ya raunana, har tsoho ya riƙa ƙoƙarin tsince furen atamfa yana zaton wani abu ne ya faɗo, don haka a yawaita fili, a sa bakin ƙyallen ya bambanta da tufar jikinsa don ya gane iyakarsa. In ana son rini, baba na nan, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau da baba da toka take aiki. Sai dai a bambanta. Turkuɗi irin na Kura, da ake buga masa shuni har ya yi ƙyalli, yana zuba a fata, abin da Buzaye ke so ke nan a rawaninsu. Ga wanda ke kai ƙyalle baki kuwa bai dace ba. A nemi rini na tsomawa zalla, a ɗauraye har ruwan ya fita fari, a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai a ga bai kama ba. Ƙamshi ma haka: turaren wuta ko kanumfari na iya dawo wa tsohuwa da ɗakinta na amarci, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa, saboda haka a sa shi a 'yar jaka da ake cirewa, kada a turara yadin kansa.

Kafin a miƙa kayan, a ɗinka ɗan farin ƙyalle a gefen ciki, inda fata ba ta kaiwa, a rubuta nauyin bargon da abin da ke cikinsa da nauyin wanda aka yi wa, domin kada a wayi gari an ɗauki na uba an lulluɓa wa ƙaramin ɗa. Gwajin farko da rana ake yinsa, a cinya ko a ƙafa, minti goma, mai kula na zaune. Rigar waje a wanke ta duk mako da sabulu marar ƙamshi, cikin kuma sau biyu ko uku a shekara, a shimfiɗa shi a tabarma ya bushe, domin in aka rataya a igiya nauyin zai yaga ɗinkin. Duk wanki a bi layukan da yatsa, aljihun da ya saki a kama shi nan take. In mutumin ya ce ya yi masa nauyi, a farke layi ɗaya na gefe a rage. In ya ƙi shi sam bayan mako biyu, a juye duwatsun a kwano, yadin ya koma matashin kai da audugar rimi, a dawo da ƙyallayen gwaji a sake ajiye su kusa da shi.